Yadda Ake Gano Abin Da Ke Sa Shafin Intanet Nauyin Buɗewa, A Kuma Gyara Shi

Mutumin da ya danna adireshin shafinka ba ya ganin wahalar da ka sha wajen gina shi. Abin da ke gabansa farin allo ne da ɗan zoben nan mai juyawa. In jiran ya yi tsawo sai ya koma inda ya fito, kuma ba zai aiko maka da saƙo ya faɗa maka dalilin tafiyarsa ba. Na daɗe ina gyaran shafukan da masu su ke kukan cewa mutane suna leƙowa amma ba sa zama, kuma sau da yawa rubutun lafiya lau yake, tsarin ma babu laifi. Kaya ne suka yi wa shafin yawa.

Abin da ke ruɗar mai shafi shi ne, a wurinsa komai nan take yake buɗewa. Kwamfutarsa tana da ƙarfi, intanet ɗinsa mai kyau ne, burauzarsa kuma ta riga ta adana hotunan tun shigarsa ta farko. Baƙo kuwa yakan zo da ƙaramar waya, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, kuma wannan ne karonsa na farko. Duk aikin da zan bayyana a nan, da idon wannan baƙon za ka yi shi.

Kayan aiki

- Kwamfuta mai burauzar Chrome. Edge da Firefox ma suna da irin kayan binciken da za mu buɗe.
- Waya mai matsakaicin ƙarfi, ko ma tsohuwa. Kada ka yi gwaji da wayar da ta fi kowace ƙarfi a hannunka.
- PageSpeed Insights na Google, a pagespeed.web.dev, domin auna saurin shafi.
- Squoosh, a squoosh.app, domin rage nauyin hotuna.
- WebPageTest, in kana son gwada shafin daga wata ƙasa daban.
- Izinin shiga cikin shafin da kuma masaukinsa, wato kamfanin da ke riƙe da fayilolin a sabarsa.
- Takarda da biro, ko wani fayil da za ka riƙa rubuta lambobi.

In ba ka da kwamfuta, aikin bai tsaya ba. PageSpeed Insights da Squoosh duka suna aiki a burauzar waya, kuma da su biyun kaɗai za ka iya cin fiye da rabin aikin. Mataki na uku da binciken sashen Network na mataki na shida da na takwas ne za su gagare ka, su ma WebPageTest zai nuna maka kusan abin da za ka gani a can.

Ɗan abin da ya kamata ka sani tukuna

Tun a 1993 masanin sauƙin amfani da manhajoji Jakob Nielsen ya bayyana iyakoki uku na haƙurin ɗan Adam a gaban na'ura. In amsa ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, mutum yana jin kamar hannunsa ne ya motsa abin kai tsaye. Zuwa sakan 1 zai lura da jinkirin, amma tunaninsa bai katse ba. Da an kai sakan 10, hankalinsa ya bar wurin. Na'urori sun canza ƙwarai tun lokacin, ƙwaƙwalwar mutum kuwa tana nan yadda take. A 2016 Google ya fitar da bincike da ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na ziyarorin da ake yi ta waya ana watsar da su idan shafi ya wuce sakan 3 bai buɗe ba.

A 2020 Google ya tattara ma'aunai uku da ake kira Core Web Vitals, kuma su za ka riƙa cin karo da su a duk kayan awo. LCP yana auna lokacin da abu mafi girma a allon farko, hoto ko babban rubutu, ya bayyana. Sakan 2.5 ko ƙasa da haka ya yi kyau, sama da sakan 4 ya yi muni. INP yana auna tsawon jira tsakanin taɓa abu da ganin shafin ya amsa: milisakan 200, wato kashi ɗaya bisa biyar na sakan, ya yi kyau, sama da 500 ya yi muni. Shi ne ya maye gurbin tsohon ma'aunin FID a watan Maris na 2024, don haka in ka ga tsohon bayani yana maganar FID, ka san zamaninsa ya wuce. CLS kuma yana auna tsalle-tsallen da abubuwa ke yi a allo yayin buɗewa, kuma ana son kada ya wuce 0.1. A taƙaice tambayoyi uku ne baƙo ke yi ba tare da ya sani ba: na ga abin da na zo nema? Na taɓa ya amsa? Ya tsaya wuri ɗaya in karanta?

1. Ɗauki kwafin shafin gaba ɗaya

Fayiloli da rumbun bayanai duka, ka ajiye su a wani wuri da ba sabar shafin ba. Wasu gyare-gyaren da ke tafe suna iya lalata fom ko jerin zaɓuɓɓuka, kuma ba a son garin gyaran gira a rasa ido. In masaukinka yana ba da wurin gwaji, wato tagwayen shafin da baƙi ba sa gani, yi aikin a can.

2. Auna kafin ka taɓa komai

Kada ka tsaya a shafin farko kaɗai. Yawancin baƙi daga injin bincike ko daga mahaɗin da aka tura musu suke faɗowa kai tsaye cikin wata maƙala ko shafin wani kaya, ba sa ma bi ta ƙofar gaba. Zaɓi shafuka uku ko huɗu: na farko, wanda aka fi ziyarta, da wanda ake cike fom ko ake kammala wata hulɗa a cikinsa.

Saka adireshin kowanne a PageSpeed Insights, ka duba sakamakon waya, ba na kwamfuta ba. Rahoton kashi biyu ne, kuma masu koyo suna yawan cakuɗa su. Na sama bayanan mutane ne na gaske masu amfani da Chrome, waɗanda aka tara cikin kwana 28 da suka gabata, kuma shafi yana cin jarrabawar ne idan kashi 75 cikin 100 na ziyarori sun cika ma'aunin. Na ƙasa gwajin ɗakin bincike ne da manhajar Lighthouse ta yi yanzu-yanzu, ta kwaikwayi waya mai rauni da sabis mai jan ƙafa, ta ba da maki daga 0 zuwa 100. Daga 90 zuwa sama kore ne, 50 zuwa 89 ruwan lemo, ƙasa da 50 ja. In shafinka sabo ne ko baƙinsa ba su da yawa, ɓangaren sama zai zo babu komai. Wannan ba matsala ba ce, ka yi aiki da na ƙasa.

Gwada kowane shafi sau uku, domin makin yana ɗan hawa da sauka, ka rubuta na tsakiya. Abin da za ka rubuta shi ne LCP, da CLS, da makin, da ranar gwajin. Ina roƙonka kada makin ya ɗauke maka hankali. Na ga waɗanda suka kwana suna neman 100 har suka cire abubuwan da baƙi ke buƙata, alhali shafi mai maki 80 da ke nuna rubutunsa cikin sakan 2 ya riga ya biya buƙatar mai karatu.

3. Shiga takalmin baƙon, ka ga abin da ke saukowa

Buɗe shafin a Chrome, danna F12, ka zaɓi sashen Network. Sa alama a Disable cache domin burauzar ta manta cewa ta taɓa zuwa nan. Kusa da shi akwai wurin rage gudun intanet da gangan, zaɓi Slow 4G ko 3G, sunayen suna ɗan bambanta daga sigar Chrome zuwa wata. Sai ka sabunta shafin, ka naɗe hannu ka kalla. Wannan kallon kaɗai yakan sauya tunanin mai shafi fiye da duk wani bayani da zan yi masa, gani ya kori ji.

A ƙasan tagar za ka ga adadin fayilolin da aka nema da jimillar nauyin da aka sauke. Rubuta su. Sannan danna kan Size domin fayilolin su jeru daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi. Biyar ɗin farko su ne aikinka na yau.

Ga lissafin da nake son ya zauna maka. Gwajin waya na Lighthouse yana kwaikwayon gudun megabit 1.6 a sakan. Raba da 8, ka samu kimanin kilobayit 200 a sakan. Hoto ɗaya mai megabayit 3 zai ci sakan 15 ke nan kafin ya gama sauka, shi kaɗai, ba a yi maganar sauran kayan ba. Da zarar ka fara ganin nauyin fayil a matsayin sakannin da wani ke zaune yana jira, ba za ka sake ɗora hoto yadda ya fito daga kyamara ba.

Daga nan ɗauki wayar, buɗe shafin da data, ka yi abin da baƙo zai yi: karanta, buɗe jerin zaɓuɓɓuka, cike fom. Lura da inda ka taɓa bai amsa ba da inda rubutu ya gudu daga idonka.

4. Hotuna

A mafi yawan shafukan da suka biyo ta hannuna, nan ne rabin nauyin yake, kuma nan ne gyara ya fi sauƙi. Kyamarar waya tana fitar da hoto mai faɗin fiksel 4000 ko fiye, shafin kuma zai nuna shi a gurbin da bai wuce fiksel 800 ba. Burauza sai ta sauke duka katon hoton sannan ta matse shi. Baƙo ya biya da datarsa da lokacinsa, bai ga wani ƙarin kyau ba.

Buɗe Squoosh, ka jefa hoton ciki. Fara da rage faɗi: fiksel 1600 ya ishi babban hoton sama, 800 zuwa 1200 ya ishi na cikin rubutu. Sannan zaɓi nau'in WebP, ka sa inganci wajen 75 zuwa 80. Akwai layi a tsakiyar allon da za ka ja hagu da dama ka kwatanta asalin da sabon. In idonka bai ga bambanci ba, ka ƙara ragewa kaɗan. Google ne ya fito da WebP a 2010, kuma gwajinsu ya nuna nauyinsa yana ƙasa da na JPEG da kashi 25 zuwa 34 cikin 100 a inganci iri ɗaya. AVIF yakan fi shi matsewa. WordPress, manhajar gina shafuka, yana karɓar WebP tun siga ta 5.8, AVIF kuma tun 6.5. In tsarinka bai karɓi ko ɗaya ba, JPEG da aka rage masa faɗi aka matse shi da kyau ya wadatar, domin rage faɗin ne ke cire mafi yawan nauyin. Dokar da na sa wa kaina ita ce babban hoto kada ya wuce kilobayit 200, na cikin rubutu kuma ya tsaya ƙasa da 100.

Kurakurai uku nake yawan tararwa. Na farko, ajiye hoton kyamara a nau'in PNG, wanda aka yi shi don zane da tambari da hoton allo, sai nauyin ya ninka sau da yawa. Tambari ma SVG ya fi dacewa da shi in kana da shi. Na biyu, hoto mai motsi na GIF, wanda ɗan gajeren bidiyon MP4 zai yi aikinsa da kaso kaɗan na nauyinsa. Na uku, jerin manyan hotuna masu zamewa a saman shafin farko. Mai shafi yana son su, baƙo kuwa da wuya ya jira na biyu ya iso, ga shi an ɗora masa biyar. Zaɓi guda mai kyau ka bar sauran.

Bayan haka sai jinkirta saukar hotunan da ke can ƙasa. Ana ƙara loading="lazy" a alamar hoton a cikin kod ɗin shafin, sai burauza ta bar shi har mai karatu ya kusa isa wurinsa. WordPress yana yin haka da kansa tun siga ta 5.5. Amma ka kiyaye: kada ka sa wannan a hoton da ke saman shafi, wanda ake gani da an buɗe. Shi ne yawanci LCP ɗinka, kuma jinkirta shi ƙara wa baƙo jira ne. Shi akasin haka ake yi masa, a sa masa fetchpriority="high" domin ya riga saura sauka.

In hotunan sun kai ɗaruruwa, ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Gyara na shafukan da aka fi ziyarta da hannu, sauran ka bar wa filogin ɗin matse hotuna, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi, bayan ka tabbatar yana ajiye asalin kowane hoto.

5. Hana shafin tsalle

Kowa ya taɓa ɗanɗana wannan: ka kai yatsa za ka taɓa abu, sai hoto ko talla ya faɗo daga sama ya tura komai ƙasa, ka taɓa abin da ba ka yi niyya ba. A shafin karatu abin haushi ne. A shafin da ake tabbatar da oda ko aika fom, yana iya sa mutum ya danna abin da zai yi nadama.

Dalilin shi ne burauza ba ta san girman abin da ke tafe ba, sai ta ƙi ware masa wuri. Maganin kuma ƙarami ne: kowane hoto da bidiyo a rubuta masa width da height, wato faɗi da tsayi. Gurbin talla a ba shi tsayin da ba ya canzawa, ko tallar ta zo ko ba ta zo ba. Sanarwa kuma kada ta kutso daga sama bayan mutum ya fara karatu, a sa ta ta zauna a ƙasan allo ba tare da ta ture rubutu ba.

6. JavaScript da kayan aro

Wannan matakin ya fi na hotuna wuya, amma shi ne ke warkar da shafin da ake gani ya buɗe alhali ba ya amsa taɓawa. Hoto in ya sauka, nuna shi kawai za a yi. JavaScript kuwa, wato kod ɗin da ke sa abubuwan shafi aiki, sai wayar ta karanta shi ta kuma aiwatar, kuma yayin da take wannan aikin ba ta sauraron yatsan mai ita. Duk aikin da ya riƙe ta sama da milisakan 50 ana lissafa shi dogon aiki. Abin da kwamfutarka ta gama cikin ƙiftawar ido, ƙaramar waya tana iya shafe sakanni a kansa, shi ya sa Lighthouse ke rage ƙarfin na'ura ninki huɗu a gwajin waya.

Fara da ƙidaya. A sashen Network danna JS, ka duba daga ina kowane fayil yake zuwa. Za ka tarar da na shafinka, da kuma na aro: ma'aunin baƙi, akwatin hira, maɓallan rabawa a Facebook da sauransu, taswira, tallace-tallace, bidiyon YouTube. Kowannensu ka tambayi mai shafin, ko kanka, yaushe rabon da a amfana da shi. Na sha tarar da ma'aunin baƙi biyu ko uku a shafi ɗaya, waɗanda aka saka shekaru da suka wuce, babu mai duba ko ɗaya.

Akwai hanyar gane nauyin kowanne ba tare da ka cire shi ba. Danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi toshe adireshinsa, ka sabunta shafin ka ga bambancin. In toshe akwatin hira ya rage sakan 2, ka samu hujjar da za ka nuna wa mai shafi, sai a yanke shawara a kan lamba maimakon gardama.

Abin da ba a buƙata, cire shi. Abin da ake buƙata amma ba da gaggawa ba, sa masa defer domin ya jira rubutun shafin ya gama shiryuwa. Bidiyon YouTube da taswira suna jawo kaya masu nauyi tun kafin a taɓa su, don haka sa hoto mai alamar kunnawa a gurbinsu, ainihin abin ya sauka sai an danna. Maɓallan rabawa kuma mahaɗi na yau da kullum yana yin aikinsu ba tare da wani kod na waje ba.

Ga mai WordPress, kashe filogin ɗaya, ka auna, ka mayar, ka koma na gaba. Yawansu bai kai nauyin kowanne muhimmanci ba, guda ɗaya mara kyau yana iya fin goma nauyi. Filogin ɗin Query Monitor yana taimakawa wajen gano mai cin lokacin saba. Wani lokaci kuma rigar shafin, wato tsarin kamanninsa, ce da kanta ta yi nauyi, irin waɗanda aka cusa wa komai da komai domin su dace da kowa. In haka ne, canza ta babban aiki ne, a ware masa ranarsa daban.

Gargaɗi mai muhimmanci: filogin ɗin ƙara sauri suna zuwa da zaɓuɓɓukan haɗe fayiloli da matse su da jinkirta su. Kada ka kunna su duka lokaci ɗaya. Na taɓa yin haka a wani shafi, makin ya haura, ido bai ga wata matsala ba, ashe maɓallin aika fom ya daina aiki, kuma sai da aka yi kwanaki kafin a lura saƙonni sun daina shigowa. Tun daga ranar, zaɓi ɗaya nake kunnawa, in gwada jerin zaɓuɓɓuka da bincike da fom a waya, sannan in matsa gaba.

7. Salon haruffa

Salo biyu sun isa, kowanne da kauri biyu, a nau'in WOFF2. Sa font-display: swap domin rubutu ya fito da haruffan wayar kafin naka su iso, maimakon mai karatu ya zauna yana kallon fili. In za ka rage nauyin fayil ɗin ta hanyar cire haruffan da ba a amfani da su, ka tabbatar ba ka zubar da masu ƙugiya ba, ɓ da ɗ da ƙ, in ba haka ba za su fito da wani salo daban a tsakiyar kalma. Wanda bai damu da salo na musamman ba, haruffan da ke cikin na'urar baƙo ba sa buƙatar a sauke komai.

8. Saba da tazarar hanya

Koma sashen Network, danna fayil na farko a jerin, wato shafin kansa, ka buɗe Timing. Duba tsawon lokacin da aka jira amsar saba. Ana son bayit na farko ya iso cikin sakan 0.8. In yana kai sakan 2, to duk gyaran hotunan da ka yi yana tsaye ne a bayan wannan jiran.

Magani na farko ma'ajiyar wucin gadi ce ta shafuka. Tsari irin WordPress yana gina shafi daga rumbun bayanai duk lokacin da aka nema. Ma'ajiyar tana adana wanda aka riga aka gina ta miƙa wa na gaba. WP Super Cache da W3 Total Cache suna yin wannan, LiteSpeed Cache kuma sai sabar tana amfani da LiteSpeed. Guda ɗaya ake sakawa, biyu suna karo da juna. Tambayi masaukinka tukuna, wataƙila suna da tasu a kunne. Kuma ka cire kwandon sayayya da shafin asusun mutum daga ma'ajiyar, don kada a nuna wa wani bayanan wani.

Na biyu, matse rubutun da ake aikawa. A Headers nemi content-encoding. In ka ga gzip ko br, wato Brotli, an riga an kunna. In babu, masaukin zai iya kunna maka. Na uku, faɗa wa burauza ta riƙe hotuna da fayilolin salo na dogon lokaci ta hanyar Cache-Control. Ana sa max-age=31536000, sakannin shekara guda ke nan, ga fayilolin da sunansu ke canzawa duk lokacin da aka sabunta su. Kada ka yi wa shafin kansa haka, baƙi za su riƙa ganin tsohon labari.

Sai maganar nisa. Haske a cikin wayar gilashin da ke ɗauke da saƙonnin intanet yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan. In sabar tana da nisan kilomita 10,000 daga baƙo, zuwa da dawowa ɗaya ba zai gaza milisakan 100 ba, kuma kafin a fara aiko da shafin sai an yi irin wannan kai-komo sau da dama domin neman adireshi da ƙulla amintacciyar hanya. Babu gyaran kod da zai rage wannan. Abin da ke rage shi CDN ne, irin su Cloudflare, masu ajiye kwafin fayilolinka a sabobi da ke warwatse a duniya, kowa a ba shi daga mafi kusa da shi. In yawancin baƙinka a yanki ɗaya suke, ɗaukar saba a kusa da su ma yana biya. Ka kuma duba turawa daga adireshi zuwa adireshi: daga http zuwa https, daga nan zuwa mai www, kowace turawa wani kai-komon ne. A mayar da su tsalle ɗaya.

In ka yi duk wannan amma amsar saba tana nan da jan ƙafa, masaukin ne ya yi wa shafin kaɗan, lokacin ƙaura ya yi.

9. Abin da ba zai yi sauri ba, a sanar da mai jira

Wasu ayyukan dole su ɗauki lokaci, kamar ɗora fayil ko tabbatar da biya. A nan shiru ne ke cutarwa. Mutum ya danna, bai ga komai ba, sai ya sake dannawa, saƙo ya tafi sau biyu ko oda ta ninku. Da an taɓa maɓalli ya canza kama nan take, ya nuna ana aiki, ya kuma ƙi karɓar dannawa ta biyu. In jiran zai doshi sakan 10, a nuna ma'aunin ci gaba da ke faɗin inda aka kai. In kuma sabis ya yanke a tsakiya, kada fom ɗin ya goge abin da mutum ya sha wahalar rubutawa.

10. Sake aunawa

Maimaita mataki na 2 da na 3 a shafukan nan dai, da saiti iri ɗaya, ka rubuta sababbin lambobin kusa da tsofaffin. Kafin ka gwada, share ma'ajiyar wucin gadi, ka buɗe shafin sau ɗaya domin ta sake cika, in ba haka ba sakamakon zai ruɗe ka. Makin Lighthouse zai canza nan take. Bayanan mutane na gaske kuwa a hankali za su motsa, tunda na kwana 28 ne ake tarawa, don haka kada ka ɗauka gyaran bai yi ba in ka ga ja bayan kwana biyu. In ka haɗa shafin da Search Console, kayan Google na masu shafuka, akwai rahoton Core Web Vitals da ke tara shafuka masu matsala iri ɗaya wuri guda, ya nuna maka inda za ka dosa gaba.

Nauyi yana dawowa da kansa, ta hannun duk wanda ke ɗora sabon abu. Saboda haka rubuta ƙa'ida gajera ka ba duk mai izinin shiga shafin: faɗin hoto da nauyin da ba za a wuce ba, da sharaɗin cewa ba a ƙara filogin ko kod na waje sai an auna kafin da bayan. Sa rana ɗaya a kowane wata ka sake gwada shafukan nan uku ko huɗu da tsohuwar wayar, ka ƙara layi a takardar lambobinka.